Kar Wanda Ya Waiga

Da Baba ya sunkuya zai saka jaka a bayan mota, na hango guntun alli a aljihun rigarsa. Bai kai rabin ɗan yatsa ba, amma har ya ɓata bakin aljihun da fari. Na san wannan allin. Da shi yake zana wa mutane inda za su ɗora ƙafa a shagonsa na ɗaukar hoto, shekara talatin da huɗu, kafin ciwon baya ya sa ya rufe shagon bara. Jikina ya ba ni tafiyar nan ba za ta zo yadda Umma ta roƙa ba.

Abin da Umma ta roƙa ba shi da yawa. Garinmu a shimfiɗe yake kamar faifai, ko tudun kirki babu. Dutse ɗaya ta sani a rayuwarta, wanda aka zana a jikin labulen shagon Baba, inda mutane ke tsayawa a ɗauke su: shuɗin dutse mai farin kai, da ɗan tafki a gindinsa. Ita ke wanke labulen duk wata uku, ta goge, ta ɗinke inda ɓera ya ci. Wata rana tana ninke wanki ta ce, kamar da wasa, "Ni dai ina son in ga na gaske ko sau ɗaya ne." Yaya ya ji, ya ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki, ya ce motarsa za ta kai. Baba ya ji, ya je ya kakkaɓe jakar kyamara.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Sati biyu kafin tafiyar, ni na raka Umma wurin likitan ido. Ya daɗe yana haska mata fitila, sannan ya juyo gare ni, wai tunda na yi jami'a zan fi ganewa. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana rufewa daga gefe kamar ana zuge bakin jaka, kuma ba ya jin zai kai ƙarshen shekara. Ya ce ta guji haske mai ƙarfi. A bakin ƙofar asibiti Umma ta damƙe hannuna.

"Kar ki faɗa wa babanki sai mun dawo."

"Haba Umma."

"Kin san halinsa. Fasa tafiyar zai yi, ya dinga yawo da ni asibiti-asibiti, ɗan ganin da ya rage ya ƙare a kallon farar riga. Ki yi mini alkawari."

Na yi. Dama ni shiru ba ya ba ni wahala. Yaya ma da Farfesa yake kirana, wai na haddace littafin duniya amma ko sallamata sai an matso kusa ake ji.

Mu biyar muka tafi. Yaya na tuƙi, Baba na gefensa rungume da jakar kyamara kamar jariri. A baya ni da Umma da Gwaggo, yayar Baba, wadda ba wanda ya gayyata. Da asuba kawai muka gan ta a bakin ƙofa da kular abinci da filo, ta ce ba za a je yawon buɗe ido a bar ta tana gadin gari ba. Ta zaɓi tagar dama saboda jiri, kuma rana na fitowa ta warware wani zani ta maƙale shi a gilashin, ta rufe ruf.

"Gwaggo, ai ba za a ga waje ba," na ce.

"Me kika ce?"

"Ba komai."

"Yauwa. Ni ba zan koma gida kamar gawayi ba."

Na musanya wuri da Umma, na ba ta tagar hagu. Wajen azahar kwalta ta shiga cikin hamada, gidaje suka ƙare, bishiyoyi suka ƙare, sai tuddan rairayi ja-ja-ja, iska ta tsefe su layi-layi kamar kitso. Duk a hannun dama suke, bayan zanin Gwaggo. A hagu, inda na zaunar da Umma, babu komai sai turakun lantarki da wata doguwar katanga ta wani kamfanin yashi.

Baba ya daki gaban mota. "Tsaya nan! Tsaya, tsaya!"

Na ce a raina alhamdu lillahi. Muka fito. Umma ta dafa ƙofa ta fara juyawa wajen tuddan, tana ƙanƙance ido, sai muryar Baba ta canja. Duk wanda ya taɓa shiga shagonsa ya san wannan muryar. Da zarar ya kafa sandar kyamara mai ƙafa uku, ba shi da mata ba shi da 'ya'ya, kowa mai zuwa hoto ne.

"Mai shuɗin mayafi, tsakiya. A'a, nan za ki fuskanta, ni za ki kalla. Dogon, koma bayanta. Babbar, gefe."

"Wace ce babbar?" Gwaggo ta ce. "Ni na goya ka, Mai Hoto, ka kiyaye ni."

Ya zaro allin ya sunkuya zai zana mana wurin ƙafa. Alli bai kama rairayi ba. Ya gwada sau uku, ya yi tsaki, ya aiki Yaya ya tsinto tsakuwa, aka ajiye wa kowa biyu. Sannan ya jera mu yadda ya saba jera mutane a gaban labule: abin kallo a baya, fuska a wajen haske. Wato tuddan rairayi a ƙeyarmu, rana tsakar idonmu. Bai tsaya nan ba. Ya ciro abin nan mai ƙyalli da Yaya ke kare gilashin mota da shi, ya miƙo mini.

"Auta, fita daga layi. Riƙe wannan ki kashe mini inuwar da ke ƙarƙashin haɓarsu. Karkato shi. Ƙara. Yauwa, a fuskar ta tsakiya."

Ni da na ji abin da likita ya faɗa da kunnena, ni ce na tsaya ina watsa wa Umma rana a ido. Na karkatar da shi ƙasa a hankali, Baba ya ɗago daga bayan kyamara ya ce hannuna ba shi da ƙashi ne? Na mayar.

"Kar wanda ya motsa. Kar wanda ya waiga. Ta tsakiya, buɗe ido mana, kullum sai kin rufe ido a hoto. Ɗaya, biyu..."

Sau goma sha ɗaya ya ɗauka. Yana gamawa ya naɗe sandar ya ce, "A shiga mota, haske na gudu, akwai wani wurin a gaba." Umma ta tsaya tana goge hawayen da rana ta zubo mata da bakin mayafi. Na san a lokacin ba abin da take gani sai kore da ja. Kafin idon ya washe Yaya ya yi hon, Gwaggo ta turo ta ciki.

Haka aka yi a wuri na biyu, inda wata busasshiyar korama ta ratsa tsakanin duwatsu masu launin tsatsa. Haka aka yi a na uku. Na fara ƙirgawa don haushi: a ranar farko mun tsaya sau shida, mun ba wa wurare shida baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba murna yake yi. Rabon da in gan shi haka tun kafin ya rufe shago. A mota yakan juyo da kyamarar, wadda Yaya ya saya masa, ya nuna wa Umma ɗan gilashin bayanta da bai fi akwatin ashana biyu ba.

"Kin ga tudun nan? Dubi yadda ya fito bayan kanki. Ai ko labulena albarka."

"Na gani, Malam. Ya yi kyau."

"Bari mu koma gida in wanke su manya-manya. Ki zauna a kujera ki yi ta kallo har ki gaji, shekara da shekaru. In kin kalla da ido yanzu, gobe kin manta. Hoto shi ne ba ya mantuwa."

"Haka ne," in ji Umma.

Na juya na kalli turakun lantarki, don kar a ga fuskata.

A masaukin da muka kwana, da safe, ina ɗiga mata magani a ido, na ce, "Umma, ki bar ni in faɗa masa. Ko ba duka ba. In ce rana na damun ki."

"Sai ya ce tun yaushe, sai ya ce me likita ya ce. Ke kuma kin iya ƙarya? Ko ta yara ba ki iya ba."

"To ke ki ce masa kina son ki tsaya ki kalla."

Ta yi 'yar dariya, idonta a rufe, maganin na gangarowa gefen hancinta. "Na faɗa jiya, a wajen koramar nan. Ya ce in bari a gama tukuna. Ba a taɓa gamawa ba, Auta, shekara talatin da huɗu. Ki bar shi. Ai babban dutsen yana gaba, shi ba ya ɓuya."

Rana ta biyu hanya ta fara hawa. Motar Yaya ta kama nishi, shi kuma ya kama gardama da wayarsa, wadda wata mata ke magana a ciki tana cewa ya juya dama inda babu dama sai rami. Baba ya ce a bi taswirar takarda da ya aro. Yaya ya ce taswirar ta girme shi. Gwaggo ta ce kunnenta ya toshe, kuma duk wanda ya kawo shawarar hawa dutse da mota Allah ya isa tsakaninta da shi, sai ta tuna Umma ce, ta ce ban da matar ƙaninta. Sau biyu muka ɓata. Sau biyar muka yi hoto. A wani lanƙwasa da aka hango kwari gaba ɗaya a ƙasa, kore shar a tsakiyar wannan ƙuna, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Baba, da za a ɗan bar Umma ta..."

"Ɗaga murya, Farfesa," Yaya ya ce, "ba ɗakin karatu ba ne."

"Na ce da za a..."

"Auta, hasken, hasken!" in ji Baba. "Kin sake shi ya faɗi a ƙafarsu. Ƙafa na ce miki zan ɗauka?"

Na gyara. Ina da digiri a kimiyyar ƙasa. Na san sunan kowane irin dutse da muka wuce, na san shekarun da ruwa ya yi yana sassaƙa wannan kwarin, na rubuta shafi tamanin a kan irinsa. Ga ni a gabansa riƙe da marufin gilashin mota, na kasa haɗa jimla ɗaya.

Gwaggo ce ma ta ɗan yi magana, ba don Umma ba, don ƙafarta. "Kai dai Mai Hoto, hali zanen dutse. Ranar sunanka ma ina jin sai da ka gyara wa wanzami tsayuwa."

"Gwaggon yara, ɗago haɓa."

Ta ɗago.

Babban dutsen sai rana ta uku. An ce da hantsi za mu isa, amma da safe Baba ya fito da wata leda da ya ɓoye a ƙarƙashin kujera: yadi iri ɗaya ya sa aka ɗinka mana, ruwan toka, don kar kayanmu su yi faɗa da launin dutse. Na Gwaggo bai shige ta ba, tunda ba a auna da ita ba, na wata ƙanwar Umma ne da ta fasa zuwa. Aka nemo allura da zare, aka farke, aka ƙara. Ga gugar kayan. Ga taya da ta sace a hanya. Ba mu isa ba sai bayan la'asar sakaliya.

Wurin fili ne da aka share aka zuba tsakuwa, motoci huɗu ko biyar a ciki, da ɗan ɗakin mai gadi. Dutsen kuwa, ban san yadda zan faɗa ba. Ya tare rabin sama. Ba shuɗi ba ne kamar na labule, ja ne daga ƙasa, ya koma ruwan zuma, can sama ya yi fari inda rana ke dukansa. Wani ƙaton falalen dutse da ke bakin filin ya kare gindinsa, amma na ga wata siririyar hanya ta zagaya bayan falalen, an ja mata igiya a gefe.

Mai gadin, wani dattijo mai carbi a wuya, ya ce mana nan da rabin awa zai rufe ƙofa, don ba a sauka wannan hanyar da duhu. Yaya ya ce shi ko minti ashirin ba zai ƙara ba, fitilar motarsa ɗaya ce ke aiki.

Ni abin da ke raina daban ne. Idon Umma ba ya aiki in rana ta yi sanyi sosai. Na ga yadda take laluben ƙofa da magariba a gida. Abin da ya rage mata a nan bai fi wannan minti ashirin ɗin ba, kuma daga nan sai gida.

Ta fito daga mota tana ɗaga kai, bakinta ya ɗan buɗe.

"Mai ruwan toka ta tsakiya," in ji Baba, "juyo nan."

A nan alli ya kama, don akwai daɓen siminti a gaban falalen. Baba ya durƙusa da ciwon bayansa yana zana mana da'ira huɗu, yana fito. Ya ja sandar gaba, ya mayar baya. Ya ce a matsar da motar wasu mutane da ta shigo masa gefe, Yaya ya tafi neman mai ita. Sauran baƙi duk suna zaune a kan katanga sun zuba wa dutsen ido, wasu ko magana ba sa yi. Mai gadin ya zo ya tsaya kusa da ni, ya kalli yadda aka jera Umma da Gwaggo, ya girgiza kai.

"'Yata, shekarata tara a nan. Kowa zuwa yake ya kalli dutse. Ku ne na farko da kuka kawo wa dutse ƙeya ya kalla."

Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. Na tambaye shi a hankali ina hanyar igiyar nan ta nufa. Ya ce ba nisa, benci ne a can, daga nan ake ganinsa tun daga gindi har kai. Na ce wa Baba zan zagaya, na ajiye abin ƙyallin, na bi hanyar da sauri ina ƙirga taku. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu tuntuɓe, igiyar ba ta yanke ko'ina ba. Taku ashirin da shida. Na taɓa bencin na dawo da gudu.

Na tarar minti bakwai sun tafi, Baba yana gyara wa Gwaggo ɗaurin ɗankwali, tana buge masa hannu.

Ban san inda muryar ta fito ba. "Baba."

Sai da kowa ya juyo, har Yaya da ke dawowa.

"Baba, kai fa? Kwana uku ba ka cikin ko ɗaya. A gida ma babu hotonka da mu. Za a ce ba ka zo ba."

Ya tsaya da bakin ɗankwalin Gwaggo a hannu. "To wa zai ɗauka? Wannan?" Ya nuna Yaya da haɓa. "Ya yanke mini kan dutse?"

"Ita kyamarar tana ɗauka da kanta. Kai za ka saita komai yadda kake so, ni in danna in shigo."

Baba ya san haske kamar yunwar cikinsa, amma maɓallan cikin sabuwar kyamarar nan bai taɓa yarda da su ba, kullum ni yake miƙo wa. Ya shafa gaban rigarsa. Na ga yana so.

"Farfesa ta yi magana, a rubuta ranar," in ji Yaya.

Aka ɗauko kular Gwaggo da jarkar ruwa aka yi kujeru. Baba ya sake tsari: shi da Gwaggo a zaune a gaba, don bayansa da ƙafarta, mu uku a tsaye a baya. Yaya a hagu, ni a tsakiya, Umma a dama, hannunta a kafaɗata. Daman nan ita ce wajen igiya. Ya leƙa kyamara sau uku, ya zo ya zauna, ya tashi ya sake leƙawa, ya dawo ya gyara hula.

Na je bayan kyamarar. Akwai wurin da ake zaɓar hoto nawa za ta ɗauka, da tazarar da ke tsakani. Na sa talatin, kowane bayan sakan goma.

"Za ta ɗauka da yawa, Baba, don a zaɓi mai kyau. Amma in aka motsa a tsakani duk sai su lalace. Sai jar fitilar nan ta mutu."

"Kin ji ko, Gwaggon yara?" ya ce. "Ba ni na faɗa ba, injin ne. Kar wanda ya motsa. Kar wanda ya waiga."

Na danna, na koma da'irata. Umma ta mayar da hannunta kafaɗata. Rana ta yi ƙasa, tana dukan fuskokinmu a kaikaice. Kyamara ta yi ƙyas na farko.

Ban motsa leɓɓana sosai ba. "Igiya na hannun damanki, Umma. Taku ashirin da shida. Akwai benci."

Ƙyas na biyu. Gwaggo ta ce ta cikin haƙora murmushinta ya fara tsami, Baba ya ce ta cikin nasa haƙoran ta yi haƙuri. Ya zauna ƙyam, ƙirji a gaba, hannu biyu a kan gwiwa, yadda ya koya wa dubban mutane. Daga inda nake ina ganin ƙeyarsa, da farin alli a yatsunsa.

A ƙyas na huɗu na ji nauyin hannun ya ragu a kafaɗata, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Yaya ya ɗan karkato ido, na taka masa ƙafa. Na matsa dama kaɗan, na tsaya rabi a da'irata rabi a tata.

Ban waiga ba. A gilashin motarmu da ke gefen kyamara nake hango ta, 'yar ƙarama cikin ruwan toka. Ta zare takalmanta ta bar su a kan allin don kar tsakuwa ta yi ƙara. Ta miƙa hannu ta lalubo igiyar, ta riƙe, ta ɗaga kai sama, ta bi bayan falalen.